Kawu Ya Yi Awa Arba'in da Biyu a Bakin Get

Shekara tara ke nan ina zaune a teburin karɓar ƙorafi na wani babban kantin kayan lantarki, kuma akwai abu ɗaya da na koya wanda ba na musu da kowa a kansa. Duk wanda ya shigo yana kumfar baki da injin markaɗe a hannu, to ya yi amfani da shi. Ya san inda murfin yake yoyo, ya san irin kukan da yake yi idan ya yi zafi. Masu yabo kuwa, rabinsu ko kwalin ba su buɗe ba. Na san wannan sarai, amma da abin ya zo kan yayana sai na bar sanin a wurin aiki na dawo gida hannu rabbana.

Yaya ma'aikaci ne a ofishin da ke zana taswirar bututun ruwa. Shekara goma sha shida ya yi a can, a tebur ɗaya, kusa da wata taga da ba ta buɗuwa. A ɗakin baya na gidansa nake zaune, saboda haka a kan idona ya riƙa dusashewa. Idan ya dawo da yamma sai ya zauna a falo da jakarsa a cinya, ya zuba wa bango ido har sai matarsa ta zo ta taɓa shi. Abin da kawai ke dawo masa da rai shi ne wani wasan kwamfuta da yake haɗawa da kansa ranakun Asabar da Lahadi. Shekara huɗu yana wannan aiki, sannan ya nemi hutun shekara guda ba albashi don ya ƙarasa. Suka ba shi, da sharaɗin ranar da hutun ya cika ko a gan shi a teburinsa ko a ba wani teburin.

Sunan wasan Hawa Bakwai. Kai ne mai gyaran famfo, an kira ka wani bene da ruwa ya ɗauke, za ka bi hawa-hawa kana gyara har ka hau kan tankin da ke saman rufi. Babu bindiga, babu dodo, ko mota babu. Da na tambaye shi wa ake kashewa, sai ya ce ba kowa, yoyo ake tsayarwa.

Irin waɗannan wasanni a intanet ake sayar da su, a shagunan da ba su da ƙofa. Mutum ya biya, ya sauke a kwamfutarsa. Yaya ya tace shagunan har suka rage biyu, waɗanda yake kira Babban Shago da Sabon Shago, ya buga takardar kwatanta su mai layi ashirin da uku, ya manna a jikin firij. Mako guda ba wanda ya sha ruwan sanyi a gidan nan ba tare da ya saurari bayani ba. Babban Shago yana yankar kaso mai tsoka a duk kwafin da aka sayar, kuma cike yake maƙil, wasanni dubbai suna tattaka juna. Sabon Shago yankansa kaɗan ne, tsaf-tsaf yake, kowane mako ma yana raba wani wasa kyauta don ya ja mutane. Akwai layi a kan saurin saukewa, akwai a kan mayar da kaya, akwai har a kan girman hoton talla.

Layi na ashirin da uku yana can ƙasa, inda maganaɗisun da ya riƙe takardar ya kusan rufe shi. Sharhin masu saye. Babban Shago: akwai. Sabon Shago: babu.

Yaya ya zaɓi Sabon Shago, ya ce saboda kaso ne. Na gyaɗa kai kamar na yarda. Mutumin da idan ya yi sabon aski sai ya kwana biyu bai leƙa waje ba don kada wani ya ce wani abu, shi ne zai gaya mini lissafi ya bi.

Wata uku wasan ya yi a can, mutum talatin da ɗaya suka saya. Iyakar abin da shagon ya faɗa ke nan. Ko sun buɗe, ko sun ji daɗi, ko sun yi tsaki sun goge, ba wanda ya sani. Kullum da safe Yaya ya duba, talatin da ɗaya. Da rana ya duba, talatin da ɗaya. Har ya fara ƙirƙiro musu sana'a. Ya ce na goma sha bakwai tabbas ma'aikacin asibiti ne, tunda ranar Talata da hantsi ya saya, lokacin da masu ofis ba su da sukuni. Ran nan yana tsaye gaban firij, sai ya ɗaga maganaɗisun nan ya daɗe yana kallon layin ƙarshe.

"Gara a zage ni," in ji shi.

Haka ya kai wasan Babban Shago, saura mako uku hutunsa ya ƙare. Ranar Lahadi muna cin abincin rana ya ajiye cokali ya yi gyaran murya.

"Ku saurara, don kada a ce ban faɗa ba. Idan mutum ɗaya, ɗaya tak, ya buga wasan nan har ya hau kan tanki kafin Litinin ɗin da zan koma, zan rubuta takardar ajiye aiki in ci gaba da wannan. Idan babu, in koma teburina, kwamfutar kuma ta koma kwalinta."

"Ta yaya za ka san mutum ya ƙarasa?" na tambaye shi.

"Shagon zai gaya mini, Auta."

Ban tambayi ta yaya shagon zai gaya masa ba. Na ɗauka ta sharhi ne. Wannan tambaya da ban yi ba ita ta jawo duk abin kunyar da ya biyo baya.

Muna wanke kwanuka matarsa ta rage murya. Malamar makaranta ce, ita ta riƙe gidan shekara guda ba ta taɓa yi masa gori ba.

"Auta, ni ba albashin ne ya dame ni ba. Idan mutumin nan ya koma ofishin nan, gawa za a riƙa dawo mana da ita kullum ƙarfe biyar."

"Ba zai koma ba, Anti."

Na faɗa ne kawai don hannuna yana cikin kumfa, ba ni da wani abin yi mata.

Makon farko mutum goma sha ɗaya suka saya, ba wanda ya ce uffan. A shafin wasan akwai wani fili fari fat da aka rubuta wa cewa babu sharhi tukuna. Ranar Juma'a na dawo aiki na tarar Yaya ya fito da rigunan ofis daga ƙasan akwati. Bai goge su duka ba. Ɗaya ya goge, ya rataye a ƙofar ɗakinsa inda kowa zai gani.

Ganin rigar nan ne ya sa na ɗauki waya. Na kira Kawu, ƙanin mahaifiyarmu mai shagon fenti. Na kira Gwaggo, yayar mahaifinmu, na ce ta haɗo da 'ya'yanta biyu. Na shawo kan maƙwabcinmu da wata abokiyar aikina. Da ni da Anti, mu takwas ke nan. Bayan an tashi aiki na riƙa bi gida-gida ina buɗe wa kowa akawun, kowa ya saya da kansa. Shagon ba ya barin mutum ya yi sharhi sai ya kunna wasan ko sau ɗaya, saboda haka muka kunna. A farkon wasan ga get ɗin benen, ga mai gadi riƙe da wata takarda. Muka kashe. Na gaya wa kowa ya tabbata ya ambaci tanki.

Kawu ya zauna gaban kwamfutar da yake haɗa launin fenti da ita, ya gyara tabarau, ya fara faɗa ina rubutawa.

"Ki sa cewa na san mai wannan wasa tun yana rarrafe."

"Kawu, ba a so a gane mu ne."

"To ki sa na san mahaifinsa."

Da ƙyar muka sasanta a kan cewa wasan yana da nagarta da tarbiyya, tankin kuma an yi masa fenti mai kyau. Gwaggo ta ce Allah ya yi albarka, ta hau kan tanki ta ga gari, sannan ta kafe sai an ƙara da cewa mai wasan ya riƙa cin abinci a kan lokaci. Na yi, na yi, ta ce ko dai a sa ko a mayar mata da akawun ɗinta. Aka sa. Nawa sharhin kuwa na tsara shi tsaf, na ce wasa ne mai zurfi, da na kai ƙarshe sai da na yi hawaye. Kowa ya danna babban yatsa mai kallon sama, alamar ya ba wasu shawarar su saya.

Kashegari da yamma Yaya ya kira ni ɗakin aikinsa. Ɗan ƙaramin ɗaki ne da a da ake ajiye akwatuna, tebur ɗaya, fanka ɗaya, bango duk zanen bututu. Ya juyo mini da fuskar kwamfuta. Yatsu takwas a sama, yabo ɗari bisa ɗari. Har na fara murmushi, sai ya sa bakin biro a kan wani ɗan mitsitsin rubutu mai ruwan toka da ke ƙarƙashin sunan kowa. Ashe shagon yana rubuta tsawon lokacin da mai sharhi ya yi yana bugawa.

"Wannan minti huɗu," in ji shi. "Wannan uku. Wannan biyu."

Na matso na duba.

"Gwaggo ta hau hawa bakwai a minti biyu. Da gwiwar nan tata."

"Ta yaya ka san Gwaggo ce?"

Ya nuna mini maganar cin abinci a kan lokaci. Sannan ya gangaro kan nawa, wanda na yi hawaye a ciki.

"Minti shida. Ke kika fi kowa ƙoƙari."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tashi ya jona dutsen guga, ni kuma na fito ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya kamata a ce abin ya tsaya nan. Amma da na gaya wa Kawu yadda asirinmu ya tonu, sai ya kalle ni kamar wadda ta kawo masa matsalar yara.

"Awa suke so? To a ba su awa mana. Ai kwamfuta ba gajiya take yi ba."

Ya kunna wasan a shagonsa ranar Litinin ya bar shi, yana ta sayar da fenti mai gadin nan yana kallonsa. Ya buga wa Gwaggo da sauran waya, kowa ya yi haka. Na san ba daidai ba ne, na buɗe baki zan hana, sai na tuna rigunan da ke ƙofa sun zama uku, na rufe. Ni kaɗai ce ban yi ba, kuma ba tsoron Allah ne ya hana ni ba. Kwamfutata ce take kashe kanta idan aka yi minti goma ba a taɓa ta ba.

Ranar Juma'a ta ƙarshe Kawu ya zo gidan da kansa da la'asar, fenti a gefen hannun riga, yana tafiya kamar wanda ya ci gasa. Ya zauna a falo ya ce a kira masa yaron nan.

"To, ɗana, ka duba yanzu ka gani. A ce kuma minti huɗu."

Yaya ya ɗauko kwamfutar hannu ya ajiye a kan teburin falo. Ya buɗe shafin Kawu. Awa arba'in da biyu. A ƙasa kuma ga wasu da'irori takwas a jere, duk a dushe. Ya yi mana bayani a hankali, kamar yana koya wa sababbin ma'aikata. Kowane mataki na wasan yana da lambar yabo da shagon yake kunna wa mutum idan ya wuce shi. Ta farko ta shiga get ce, ta ƙarshe ta hawa kan tanki. Da wannan ne shagon zai gaya masa. A cikin baƙin da suka saya, uku sun shiga get, ɗaya ya kai hawa na biyu ya ɓace. A cikinmu ba wanda ya samu ko ɗaya.

"Kawu, awa arba'in da biyu kana tsaye a bakin get. Mai gadin bai ba ka kujera ba?"

Kawu ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Ai ban ji ya ce in shigo ba."

Ba wanda ya yi dariya. Yaya ya rufe kwamfutar ya ɗora hannu a kai.

"Na gode. Na san don ni kuka yi." Ya juyo ya kalle ni. "Shekara biyar ina ɗakin can, Auta, bango ɗaya ne tsakaninmu. Kin bi gida-gida da ƙafarki. Get ɗin yana kan teburinki."

Sannan ya ce kada wanda ya sake yi masa maganar wasan nan a gidan nan, ko da baki ko da ido. A gabanmu ya kira wani abokin aikinsa ya ce ya biyo ta nan ranar Litinin ƙarfe bakwai da rabi su tafi tare. Riguna biyar ne a ƙofa, an goge su har suna ɗaukar ido. Na ji kunya, kuma na ji tsoro, don na ga fuskar nan ta mai kallon bango ta fara dawowa tun ba a je ko'ina ba.

Asabar da safe na roƙi abokiyar aikina ta riƙe mini tebur, na rufe ƙofar ɗakina, na kunna wasan. Ga get, ga mai gadi, ga takarda. Na karɓi takardar. Fom ne na neman izinin aiki, shafi uku. Suna, lambar kowace sipana, dalilin zuwa, dalilin da ya sa dalilin ya zama dalili. Idan ka gama sai ka kai wata taga a buga hatimi, tagar kuma a rufe take, sai ka jira. Ka yi kuskure a layi ɗaya, a dawo da kai farko. Sau biyu ana dawo da ni. A karo na uku ne na gane fom ɗin. Shi ne na ofishinsu, wanda Yaya ya shekara goma sha shida yana tsine wa a teburin abinci. Mutum ya gudo daga ofis, ya ɗauko ofishin a ka ya zo ya gina shi a bakin ƙofar abin da ya fi so a duniya. Minti ashirin da biyar na yi kafin get ya buɗe.

Hannuna da kansa ya jawo damin takardun ƙorafi na wurin aikinmu da ke cikin jakata. Na fara rubutawa, da lamba da lokaci, kamar yadda na saba.

Hawa na ɗaya, ka gyara famfo a minti biyu, ka rubuta rahoto a minti bakwai. Hawa na biyu haka. A hawa na uku aka nemi wata sipana da na bari a ƙasa, sai da na sauka matakala sittin da shida na hawo, kuma mutumin nawa ba ya gudu, don Yaya bai yarda mai gyaran famfo yana gudu da kayan aiki ba. Na zagi wasan, na zagi mai wasan, na nemi gafara tunda uwarmu ɗaya. Anti ta turo mini abinci ta ƙofa. Duk da haka, in faɗi gaskiya, idan ka ɗaure bututu daidai akwai wata 'yar ƙara da ruwa yake yi yana tahowa daga nesa, kuma sau biyu na kama kaina ina riƙe numfashi ina jiranta.

Lahadi da hantsi na isa hawa na biyar. Wata tsohuwa ce ita kaɗai a gida mai ɗaki biyu, famfon kicin ɗinta yana ɗiga. Babu fom a wannan hawa, babu rahoto. Kana gyara tana zaune a bayanka tana ba ka labarin maƙwabtan da suka tashi, da wata tukunya da ta ara wa wata shekara ashirin ba a dawo da ita ba. Ka gama ka fita, kafin ka kai matakala ta kira ka, ya sake ɗiga. Sau uku haka. A na huɗu na lura da sipana a ƙarƙashin matashin kujerarta. Ita ke kwance shi. Haushi ya kama ni, na ɗaure famfon tamau yadda ko ƙato ba zai iya juya shi ba. Ta yi godiya, ta rufe ƙofa. Na tsaya a baranda ina jira ta kira ni. Ba ta kira ba. Hanyar hawa na shida ta buɗe, ba abin da ya hana ni wucewa, amma na kasa. Na koma na ƙwanƙwasa, na sassauta mata shi rabin juyi.

Nan na yi kuka, ba irin wanda na rubuta a sharhin farko ba. Ban san Yaya ya san irin wannan ba. Mutumin da ba ya haɗa jimla uku a teburin abinci, ashe duk shekarun nan yana ganin mutane, mu ne ba mu leƙa ba.

Da la'asar na fito kan rufi. Ga tanki can sama a kan ƙafafun ƙarfe, ga tsani a jingine. Na hau. A mataki na ƙarshe mutumin nawa ya miƙa hannu, bakin tankin ya fi ƙarfinsa da kamar taki biyu. Na yi tsalle, na faɗo. Na sake. Na ɗora akwatin kayan aiki na taka, bai kai ba. Na sauka har hawa na shida ko na manta wani abu, ban manta komai ba. Sau arba'in da ɗaya na yi tsallen nan, na ƙirga. Tsanin ba ya kaiwa. Ba ni ba, ba kowa ba, babu mahalukin da zai iya ƙarasa wasan nan.

Na zauna da lambobin yabo bakwai a kunne, ta takwas a dushe, awa goma sha bakwai a ƙarƙashin sunana. Yaya ya hana a yi masa magana, saboda haka hanya ɗaya ta rage, sharhin nan nawa, wanda shagon yake barin mutum ya gyara. Na goge hawayen ƙarya na fara sabo. Da na gama sai shagon ya sake yi mini tambayarsa, ko zan ba wani shawarar ya sayi wannan wasa. Na daɗe hannuna a kan linzamin kwamfuta. Na san yatsa ɗaya a ƙasa zai iya ƙarasa shi, mutumin da ya ɓuya wata uku a shagon da ba a magana don tsoron wannan yatsa. Amma ya riga ya samu takwas a sama, na kuma ga abin da suka yi masa. Na juya nawa ƙasa.

Ga abin da na rubuta:

"Ban ba da shawara ba, yadda yake a yanzu. Ɗaya, fom ɗin bakin get ya kori duk wanda zai so wasan nan, a cire shi. Biyu, rahoto bayan kowane gyara azaba ce. Uku, a bar mutum ya yi gudu. Huɗu, hawa na biyar ya fi duk abin da na taɓa bugawa, kuma zalunci ne a ɓoye shi a bayan awa goma sha uku na cike takardu. Biyar, tsanin kan rufi ba ya kaiwa tanki. Ina can a tsaye. Sauran ƙorafi ashirin da shida suna hannuna idan ana so."

Litinin ƙarfe bakwai da kwata Yaya yana teburin abinci cikin riga ta farko, an ɓalle maɓalli har wuya, shayi yana hucewa a gabansa. Anti, wadda na nuna wa sharhin tun jiya, ta zo ta ajiye wayarta kusa da kofin ta koma kicin. Ya kalli wayar. Ya ɗauka. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon idonsa yana sauka layi-layi, ya kai ƙarshe, ya koma sama kan ɗan rubutun nan mai ruwan toka, ya daɗe a can.

"Tamanin da bakwai da rabi bisa ɗari," in ji shi. "A da ɗari nake da shi."

"Ni na rage ka."

"Fom ɗin shafi uku ne kawai."

"Da shafi uku ya yi yawa, Yaya."

"Kuma tsanin yana kaiwa. Na gwada tankin nan ya fi sau ɗari."

"Ta ina kake hawa?"

Ashe yana da wani maɓalli nasa na masu haɗa wasa, wanda idan ya danna yake ɗora shi kai tsaye a kan tanki don ya duba ƙarshen. Shekara biyar bai taɓa bin tsanin daga ƙasa ba.

Ya tashi ya wuce ni ya shiga ɗakina, inda kwamfutata take a kan tebur. Na kunna masa. Ga mutumin nawa a kan rufi inda na bar shi. Yaya ya sunkuya a tsaye, ya hau tsanin, ya yi tsalle, ya faɗo. Ya sake, ya faɗo. A waje mota ta tsaya, aka danna hon.

"Tsohuwar," in ji shi, bai juyo ba. "Kin ɗaure mata famfon?"

"Na ɗaure. Sai na koma na sassauta."

Ya ɗaga kai ya kalli taga, duk da labule a sake yake babu abin gani.

"Ba ki hau tankin ba, Auta."

"Ban hau ba. Sharaɗinka bai cika ba, ba zan ce maka ya cika ba."

Aka sake danna hon, wannan karon da ɗan tsawo. Anti ta leƙo, tawul ɗin kicin a hannu, ta kalle ni ta kalle shi.

"Mutumin nan yana jira. Me zan ce masa?"

Yaya ya jawo kujerata ya zauna. Ya ɓalle maɓallin wuya, ya naɗe hannun rigar da ya ɓata rabin awa yana gogewa.

"Ki ce masa ya wuce," ya ce. "Na bar mutum a kan rufi tun jiya, tsani bai kai ba."